Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955): Daga Fataucin Goro ta Teku zuwa Cinikin Gyaɗar Karkarar Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin rayuwar Alhaji Alhassan Ɗantata, attajirin Kano wanda ya rayu daga 1877 zuwa 1955. An fi mayar da hankali a kan sauye-sauye biyu da suka gina dukiyarsa, wato barin hanyar ayari ta Gwanja zuwa ɗaukar goro a jirgin ruwa, da kuma juya dabarun fatauci zuwa kan gyaɗar da manoman karkarar Kano suke nomawa. An kuma duba matsayin manomi a cikin wannan ciniki, da yadda gidan kasuwancin ya tsallake rabon gado.

1.0 Gabatarwa

Mutumin da aka yi ittifaƙi a kan cewa yana sahun gaba na masu dukiya a Afirka ta Yamma a lokacin rasuwarsa, sunan wata tsohuwar baiwa yake amsawa. Tata ita ce ta rene shi a Bebeji bayan mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta yi ƙaura, sai jama'a suka riƙa kiran sa ɗan Tata, har laƙabin ya danne sunan mahaifi da na kaka. A yau an rubuta shi a jikin kamfanoni da tituna da makarantu, amma kaɗan ne daga cikin masu karanta shi suke tuna matar.

Abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne ta hanyoyi biyu. Akwai ruwayoyin zuriyarsa da na tsofaffin 'yan kasuwar Kano, waɗanda Abdulkarim Umar Ɗan'asabe ya tattara a nazarinsa kan attajiran birnin. Akwai kuma ayyukan masana tarihin tattalin arziki, musamman Paul Lovejoy a kan fataucin goro da Jan Hogendorn a kan mafarin cinikin gyaɗa. Ruwayoyin gida sun fi kula da halin mutumin, ayyukan masana kuwa sun fi kula da zamanin da ya samu kansa a ciki. Wannan maƙala ta jingina da duka biyun.

2.0 Asali da Ƙuruciya

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Agalawa, kamar takwarorinsu Tokarawa, asalinsu daga yankin Azbin ne. Sun gangaro ƙauyukan ƙasar Katsina da Kano, suka zama Hausawa a harshe da ɗabi'a, suka kuma riƙe fatauci a matsayin sana'ar gado. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka mamaye cinikin goro tsakanin Daular Usmaniyya da ƙasar Asante a ƙarni na 19. Kakansa, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya taso ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi shi ya koma Bebeji, gari mai ganuwa a kudu da Kano, wanda ayari kan yada zango a cikinsa. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta.

Wajen 1885 Abdullahi ya rasu, Alhassan bai kai shekara goma ba. Aka raba gado bisa shari'a, dukiyar da ta ishi mutum ɗaya tayar da ayari ta koma ƙananan rabo a hannun 'ya'ya da yawa. Amarya ta tafi Ankara, wato Accra ta ƙasar Gana ta yanzu, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango, ta bar 'ya'yanta a hannun Tata. Yaron ya shiga makarantar allo, ya ɗanɗana irin rayuwar da almajiri kan yi, ta aikatau da neman abin kai wa baki. Ruwayoyin gida sun nace a kan cewa Tata ce ta koya masa jefa wuri a asusu. Ko da mai nazari zai ga alamar gyaran labari a nan, irin wanda akan yi wa ƙuruciyar manyan mutane, tsimi da tanadi sun bayyana a rayuwarsa ta gaba yadda ba za a yi musu ba.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka ya bi ayari zuwa Ankara wurin mahaifiyarsa. Ba ta riƙe shi a ɗaki ta ciyar ba, hannun wani malami ta danƙa shi, daga baya kuma ya komo Bebeji. Ribar wannan tafiya ita ce ya taka hanyar Gwanja da ƙafarsa, ya kuma ga teku da jiragen da ke tsayawa a gaɓarta tun kafin ya mallaki jarin da zai yi amfani da abin da ya gani.

Komowarsa ta zo daidai da Basasar Kano. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka fice zuwa Takai suka ɗaura yaƙi. Bayan rasuwar Yusufu, Aliyu Babba ya jagorance su suka shiga birni a 1894. An lissafa Agalawa da yawa a ɓangaren Tukurawa, saboda haka da Yusufawa suka yi rinjaye sai aka kwashe dukiyar wasu, aka kama wasu. Alhassan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi, suna cikin waɗanda aka kama, sai da fansa suka kuɓuta. Ke nan wanda baiwa ta rena shi ma ya leƙa bauta da kansa, kuma ya koyi cewa dukiyar falke tana rataye ne a kan wanda ke bisa gadon sarauta. Bai sake yarda ya tsaya nesa da fada ba har ƙarshen rayuwarsa.

3.0 Goro da Jirgin Ruwa

Kafin a fahimci abin da Ɗantata ya yi, sai an tuna matsayin goro a ƙasar Hausa ta wancan zamani. Kayan marmari ne na masu hali. Ba ya fitowa a ƙasar, daga dazukan Asante ake kawo shi, kuma da shi ake neman aure, a yi kiran suna, a gai da sarki, a sallami malami. Harshen ma ya shaida haka, domin har yau tukuici da ɗan abin hasafi goro ake ce musu, ko da kuɗi ne aka miƙa. Kasuwa ta bambanta goriya da marsa da minu, ta kuma ware daushe, wato na bara da ya kwana ya yi daɗi, ta ba shi farashinsa dabam. A ƙirga kuwa ƙwarya ake cewa, goro ɗari ke nan.

Wahalar wannan haja ita ce ɗanya ce. In ta bushe ta tashi aiki, in ta jiƙe da yawa ta ruɓe, in sankara ta kama guda ɗaya a cikin huhu sai ta bi saura. Dole falke ya riƙa kwance kaya a hanya bayan 'yan kwanaki, ya tsince wanda ya lalace, ya yayyafa ruwa, ya sake naɗewa da ganye. Hanyar kuma doguwa ce. Ayari kan tashi daga Kano ɗauke da kanwa da baƙin rini da fatu da dabbobi, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Nufe, ya ratsa Bargu da Dagomba har zuwa Salaga. Mutum dubu ko fiye kan taru a ayari guda, ƙarƙashin madugu da jagaba da uban dawaki, ga kuɗin fito a kowane kogi, ga gaisuwar kowane sarki, ga 'yan fashi. Zuwa da komowa kan ci wata shida har zuwa shekara. Ma'ana, jarin falke sau ɗaya yake juyawa a shekara, in an yi sa'a.

Wannan tsari ya fara rushewa tun kafin a haifi Alhassan. A 1874 sojan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta ɓalle daga ikon Asante, Asante kuma ta toshe mata goro, kasuwa ta watsu zuwa Kintampo da Atebubu da Kete-Krachi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa abin da ya rage. Manazarta adabin Hausa sun san wannan ƙaura ta wata fuska, domin ita ce ta raba Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, da Salaga ta kai shi Kete-Krachi. Daga kudu kuma wata ƙofa tana buɗewa. A 1903 hanyar jirgin ƙasa daga Sekondi ta isa Kumasi, jiragen ruwa masu tururi, galibi na kamfanin Elder Dempster, suna kai da kawowa tsakanin Sekondi da Ankara da Ikko. Daga Ikko dogo ya kai Ibadan a 1901, ya ci gaba da hawowa arewa har ya iso Kano a 1911.

Wajen 1906 Ɗantata ya mayar da cinikinsa kan wannan hanya. Yakan sayi goro a Kumasi da kewayenta, a sauko da shi gaɓa, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Ikko, a sayar da wani a can, a wuce da wani arewa. A kan hanyar komawa kuma yana ɗaukar duwatsun ado da sarƙoƙin wuya da yadin Turai. Akan ce shi ne farkon wanda ya bi da goro ta teku. Wannan magana tana buƙatar gyara, domin tun shekarun 1880 goron Asante yake isa Ikko a jirgin ruwa, kuma akwai Hausawan zango a cikin masu wannan ciniki. Abin da ya fi dacewa a ce shi ne, yana cikin fataken Kano na farko da suka ɗauki hanyar teku a matsayin uwar hanya, suka ɗaure bakinta da kasuwar Kurmi.

Ribar ba boyayya ba ce. Tafiyar da ke cin watanni ta koma ta makonni, asarar ruɓa ta ragu, jari ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara. Ba a bukatar garken jakai, balle ciyar da ɗaruruwan 'yan alaro. Amma akwai abin da hanyar ta nema wanda ayari bai taɓa nema ba. Madugu da idonsa yake tsaron kayansa, yana tafe suna tafe. Mai bin teku kuwa dole ya rabu da kayansa, ya miƙa su ga akawun kamfani ya karɓi takarda, ya amince da wakili a Kumasi da wani a Ikko waɗanda zai yi watanni bai gan su ba. Sai ya san ranar tashin jirgi, ya tanadi tsabar kuɗin Turawa na biyan dako, domin ba a karɓar wuri. A ganina wannan ita ce makarantar Ɗantata ta gaskiya. A nan ya koyi tafiyar da dukiya ta hannun mutane da rubutu, ya kuma koyi yadda kamfanonin Turawa suke lissafi, shekaru kafin su kafa kantunansu a Kano. Jirgin ba nasa ba ne, bai kuma taɓa ƙera ko mallakar irinsa ba, amma ya fi mafi yawan tsararrakinsa gane abin da jirgin ya yi wa nisa da lokaci.

4.0 Gyaɗa da Manoman Arewacin Kano

Turawa sun ci Bebeji a kan hanyarsu ta zuwa Kano a farkon 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Da aka buɗe dogo ga 'yan kasuwa a 1912, Ɗantata ya riga ya karkato da harkokinsa gida, ya kafa gidansa a Sarari ta yankin Koki, cikin unguwannin fatake na arewacin birni.

Auduga Turawa suka shimfiɗa dogon dominta. Masaƙun Lancashire suna neman madadin audugar Amurka, ƙungiyarsu ta noman auduga kuma ta ɗauka cewa ƙasar Kano, wadda ta shahara da saƙa da rini, za ta cika musu taragu. Lissafin bai fita ba, kuma Hogendorn ya nuna dalili. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature. A daidai lokacin kuma masana'antun Turai sun gano hanyar daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da sabulu, sai farashin gyaɗa ya tashi.

Wanda ya yanke hukunci a ƙarshe shi ne manomi, musamman na karkarar da ke arewa da birni, ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Gezawa har zuwa Bichi da Ɗambatta. Wannan yanki yana cikin abin da Michael Mortimore da abokin aikinsa suka bayyana a 1965 da karkarar Kano mai cunkoson jama'a: gona na jingine da gona, babu saura, kowace shekara ana noma fili ɗaya, ana raya shi da takin dabbobi da sharar birni da jakai ke fitarwa da rani. Gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya suna tsaye a tsakiyar gonaki, kowace da mai ita. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, irin wadda gyaɗa ke so, ga sauƙin cira da kaka. Manomin da gonarsa ba ta da yawa ba zai iya sadaukar da ita ga abin da ba a ci ba. Gyaɗa kuwa ana shuka ta a tsakanin gero da dawa, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, mata suna fitar da mai da ƙuliƙuli, in kuma shekara ta ɓaci a ci ta a rayu. Auduga ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai angurya.

Kamfanonin Turawa ba su san hanyar ƙauye ba, ba su kuma jin Hausa. 'Yan kasuwar Kano ne suka shiga tsakani, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada. Suka tura yaransu ƙauyuka da kyautar gishiri da tufafi, suka bi ta hannun dagatai da masu unguwanni, har maroƙa aka sa suna shelar farashi a kasuwanni. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913. Sai ga fari, aka shiga yunwar 1913 zuwa 1914 wadda ta yi ɓarna ƙwarai a arewacin Kano. Duk da haka manoma ba su saki gyaɗa ba, sun dai ƙara kiyaye hatsinsu.

Ɗantata bai yi gaggawar shiga ba. A 1918 ne kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa, kuma cikin shekara huɗu, wato zuwa 1922, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a cikin 'yan kasuwar Kano. Abin da ya fifita shi a kan waɗanda suka riga shi, jari ne na kansa da ya tara a goro, da kuma jama'ar da ya riga ya horar. Tsarin kamar tsani yake. Kamfani ya ba shi kuɗi ko kaya tun kafin kaka, shi ya rarraba wa wakilansa, su kuma su ba ƙananan masu saye da 'yan baranda da ke tare hanya a bakin kasuwannin ƙauye. Mata su ɓare gyaɗa a turmi, a auna, a ɗura a buhu, jakai da raƙuma su ɗauko zuwa sikeli, daga baya motoci suka karɓi dogon zango a hanyoyin Katsina da Daura. Babu wata takardar kotu da ke riƙe da wannan tsani. Abin da ke riƙe da shi dangantakar ubangida da yaronsa ce: ubangida ya yi wa yaro aure, ya ba shi ɗaki, ya biya masa haraji, ya ba shi jari, yaro kuma ya san in ya ci amana ba shi da sauran wurin zama a kasuwar Kano. Ta ɓangaren mata ma haka abin yake, domin matarsa Umma Zariya ta gudanar da ciniki mai yawa a cikin gidajen kulle ta hannun dillalai mata, kasuwar da namiji ba shi da ikon shiga.

A nan ne ra'ayin masana ya rabu, kuma bai kamata tarihin Ɗantata ya tsallake wurin ba. Hogendorn yana ganin hikimar manomi da ta falke, waɗanda suka karanta kasuwa fiye da gwamnatin mulkin mallaka. Robert Shenton da Michael Watts kuwa suna ganin tarko. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, ana kuma karɓar sa da kaka, lokacin da kowa ya fito da amfaninsa farashi ya faɗi. Magidancin da rumbunsa ya ƙare da bazara yakan ci bashi a kan gyaɗar da bai cire ba, ya biya da ninki. Ga kuma ƙorafin da ba ya ƙarewa a kan sikeli da mudu. Duka ɓangarorin biyu suna da hujja, sai dai kowanne manominsa dabam yake kallo. Mai babban gandu da 'ya'ya maza da jakai ya samu kuɗin da ubansa bai taɓa riƙewa ba, ya yi rufin kwano, ya je Makka. Mai 'yar gona guda kuwa sau da yawa gyaɗarsa ta riga ta zama ta wani tun tana cikin ƙasa. Dukiyar Ɗantata daga hannun waɗannan mutane biyu ta taru, kuma ladabin da ake yi wa sunansa bai isa ya sa a manta da na biyun ba.

5.0 Raƙuman Azurfa da Dalar Gyaɗa

Labarin da ya fi yawo a kansa shi ne na 1929, lokacin da ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin ajiya a bankin Bank of British West Africa da ke Kano, wanda ya rikiɗe ya zama First Bank na yanzu. Akan ba da labarin domin a nuna yawan dukiya, amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Manomi bai yarda da kuɗin takarda ba, sule yake so ya ji nauyinsa a tafin hannu. Saboda haka duk mai sayen gyaɗa da yawa dole ya tara tsaba buhu-buhu kafin kaka. Raƙuman nan kayan aiki suka ɗauko.

Shekarar kanta mai nauyi ce. A cikinta aka haɗe kamfanin Neja, wanda Lever Brothers suka saya tun 1920, da wani babban abokin gasarsa, aka samar da United Africa Company, wato UAC. A cikinta kuma kasuwannin duniya suka karye, farashin gyaɗa ya zube, 'yan tsakiya da yawa suka nutse da bashin kamfani a wuyansu. Ɗantata ya tsira domin da kuɗinsa yake juyi, kuma bai taɓa sakin goro da shanu da tufafi da hatsi ba. Ya zama babban mai saya wa UAC a Kano, yana gogayya da Kwarori da kuma Saul Raccah, ɗan kasuwar nan da ya zo daga Tarabulus.

Amma akwai rufin da bai iya hudawa ba. Saye a ƙauye an bar wa ɗan ƙasa, fitarwa zuwa Turai kuwa, inda babbar riba take, tana hannun kamfanonin waje da suka haɗa kai a kan farashi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnati ta karɓe cinikin, ta raba kason saye bisa yawan abin da kowane kamfani ya fitar a shekarun baya. Wanda aka hana shi fitarwa jiya, ta wannan ma'auni, an hana shi gobe ke nan. An kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, amma sai a kakar 1953 zuwa 1954, saura kaɗan ya rasu, Ɗantata ya samu lasin saye kai tsaye a madadin hukuma. Mutumin da ya fara arziki da ɗora kayansa a jirgin ruwa bai samu ya ɗora gyaɗarsa da sunansa zuwa Liverpool yadda ya so ba.

Shi ake danganta wa tsarin jera buhunan gyaɗa su yi tsini sama, abin da Kanawa suka kira dala, suna aro daga dutsen da birninsu ya kafu a gindinsa. Babbar dala kan ci buhu wajen 15,000. An mayar da ita alamar arzikin Arewa, har ta hau kan kati da tambarin aika wasiƙa. Sai dai yawaitar dala bayan yaƙi shaida ce ta gazawar jirgin ƙasa, wanda ba shi da isassun kawuna da taragun kwashe amfanin shekara kafin na wata shekarar ya iso.

6.0 Halinsa da Ƙarshen Rayuwarsa

Attajiran Turai na zamaninsa da jiragen ruwa na shaƙatawa suke nuna isa. Thomas Lipton, mai ganyen shayin da sunansa ya zauna a bakin masu shayin ƙasar Hausa, sau biyar yana ƙera jirgin tsere tsakanin 1899 da 1930 domin neman kofi guda a Amurka, bai kuwa samu ba. Attajirin Kano da doki da riga da yawan jama'a a zaure yake nuna tasa. Ɗantata ya ɗauki na ƙarshen ya rage na farkon. Waɗanda suka zauna da shi sun bayyana shi da sauƙin ci da sutura, da sammakon fita aiki, da bin lissafi da kansa. Jirgin ruwan da ya hau don kansa shi ne na aikin hajji a shekarun 1920, ta hanyar Ingila, irin tafiyar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi a 1921, a lokacin da talakawa ke shafe shekaru a ƙasa ta hanyar Sudan. Ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne, ya kuma ɗauki nauyin hajjin mutane da dama da hidimar malamai.

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero ya shiga majalisar sarki a matsayin muryar 'yan kasuwa. Da siyasar jam'iyyu ta zo a farkon shekarun 1950 ya tsaya a ɓangaren NPC, abin da ba zai ba wanda ya san darasin Basasa mamaki ba. Yana kuma cikin attajiran da suka haɗa jari a Kano Citizens' Trading Company, wadda ta kafa masaƙar zamani a Gwammaja.

Da ciwo ya kama shi a 1955, abin da ya fi damun sa shi ne wanda ya gani yana yaro a Bebeji. Gidajen fatake da yawa a ƙasar Hausa tare da mai su ake binne su, domin rabon gado kan warwatsa jari, yaran gida kuma kowa ya nemi sabon ubangida. Ya tara 'ya'yansa da manyan wakilansa ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje. Rajistar kamfani a nan ta yi aikin da al'ada ba ta tanada ba: magada suna iya raba hannun jari bisa shari'a ba tare da an raba sikeli da motoci da rumbunan ajiya ba. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Ahmadu ne ya gaje shi a shugabancin kamfanin, amma bai daɗe ba ya rasu a 1960, ragamar ta koma hannun Aminu, wanda ya karkata ga gine-gine da kwangila, ya rayu har 2025. Sanusi ya ci gaba da gyaɗa da sufuri a gashin kansa, kuma ta wajen 'yarsa Mariya aka haifi Aliko Ɗangote a 1957. Gyaɗar kuwa ba ta kai tsawon ran gidan ba. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta kama shukar a 1975, da ƙarancin farashin hukuma a zamanin kuɗin man fetur, sun sa manoman Bichi da Ɗambatta da Minjibir suka mayar da mafi yawan gonakinsu ga gero da dawa da wake, filayen dala na Kano kuma aka yanka su fuloti.